Ƙidayar Tukwane a Zango

Litinin, 12 ga Maris, da hantsi

Kwana ɗari da sittin da ɗaya. Jirgin ƙasan Paraku ya shigo, na ji kukansa ina wanke-wanke. Shanu ya kawo.

Wannan littafin shi ya saya mini don in riƙa rubuta kalmomin Faransanci da ban gane ba a labaran da nake karantawa. Shafi uku kawai na cika. Sauran zan yi yadda na ga dama da su. A nan kaɗai nake iya rubuta sunan mijina ba kunya: Abdulwahid. Na rubuta, na zuba masa ido, ba abin da ya faru.

Talata, 13 ga Maris, bayan la'asar

Lawali delegen unguwa, wakilin gwamnati a nan, ya zo. Lokacin da yake sayar da takalma a kasuwar Dantokpa amarya yake ce mini, yanzu da ya maƙala jan tauraro a ƙirji na zama kamarad Lantana. Ya ce za a yi ƙidayar mutane gida-gida. Malamar lekol, wato makarantar boko, aka ba wa layinmu, wata daga Gbegame, ba ta jin Hausa, kuma mazan Zango ba za su bar namiji ya wuce zaure ba. Ana neman macen da ta yi karatu ta raka ta.

Inna Mamata tana tankaɗen wake ta ce, "To in gwamnatin ta ƙirga mu, ƙosai za ta raba mana?"

Ya ce, "Inna, juyin juya hali yana son ya san 'ya'yansa."

"Ya daɗe bai sani ba. Shekara ashirin da biyu ina soya a bakin hanyar nan."

Ya yi dariya, ni ma na yi, sai na ji dariyar ta yi mini baƙo a baki. Na ce zan je. Na gaji da kallon bango huɗu.

Bai tambayi labarin mijina ba. Ba mai tambaya. Sai dai "ya haƙuri", kamar gidan rasuwa. Na tsani gaisuwar nan.

Alhamis, 15 ga Maris, da azahar

Wani falken shanu ya kawo takarda daga Kandi, daga Yaya Maharazu, wan mijina. Zai zo ƙarshen wata ya tafi da ni wurin Hajiya, mahaifiyarsu. Ya ce magana ta kai musu, ana cewa matar ƙaninsa tana zaune a Kwatano a gidan da ba namiji, tsakanin bare. Ya ce za a rufe gidan har Allah Ya kawo sauƙi.

Bare. Na karanta wa Inna Mamata duka sai wannan kalmar.

Gaskiya ne ba mu haɗa jini ba. Inna daga Dosso ta zo neman ɗanta da ya bi jirgin ruwa, surukina marigayi ya ba ta ɗaki na mako ɗaya, makon bai ƙare ba har yau. Baba Baƙo shi ke koro wa marigayin shanu, har wani sa ya karya masa ƙugu, tun daga nan zaure ya zama ɗakinsa. Amma ranar Litinin ɗin da mutanen gwamnati suka ɗauke mijina, da motarsu ta tashi, Inna ce ta ɗauke ni daga ƙasa. Baba Baƙo ne ya bi su da sanda yana ɗingishi har bakin kwalta. Keken da mijina yake gyarawa ya yi wata guda a kife a tsakar gida, ban bari an taɓa ba, Baba ne ya lallashe ni ya jingine shi.

In aka rufe gidan, ina za su? In kuma ya dawo, wace ƙofa zai buga? Nan ya sani. Nan ya bar ni.

Juma'a, 16 ga Maris, da safe

Ba labari. Na share ƙarƙashin tebur, inda tafiretarsa take a da.

Asabar, 17 ga Maris, da yamma

Sharar unguwa yau. An fito da mu da tsintsiya, lasifika tana ta ihu, mu kuma muna amsawa. Da na dawo na gama ƙaramin littafin da na musanya a ƙarƙashin gadar Dantokpa, mai hotuna. Wata ma'aikaciyar asibiti ce mijinta ya ɓace a teku, ta yi shekara uku tana jiransa a gida ɗaya, manema suna zuwa tana kora. A hoton ƙarshe ya tsaya a ƙofa da gemu.

Sau uku na karanta. Na lura ita ba wanda ya aiko mata takarda daga Kandi. Kuma ba a taɓa nuna abin da take ci ba.

Talata, 20 ga Maris, bayan magariba

Mun fara. Sunanta Madam Sidoni, doguwa, mai tabarau da aka ɗaure da zare. Tana tafiya kamar wadda aka yi wa laifi. Da Faransanci muke magana, tana gyara mini kamar ɗalibarta.

Tun a ƙofar farko ta ce in cire abin da na sani a kaina. A wurinsu gida ba gini ba ne, ba aure ba ne. Duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya, kuma kowace tukunya tana da mai gida ɗaya da za a rubuta a layin farko. Don haka tambayata ta farko ita ce, "Tukunya nawa ake ɗorawa a nan?"

Gidan Alhaji mai goro muka fara shiga, gidan da kullum nake kallo ina cewa ga gida. Mata uku, yara kamar makaranta. Ashe tukunya huɗu ce. Alhajin yana Lome shekara biyu, ga wata matar can. Kowace da murhunta, ta huɗun ta ƙanwarsa ce da aka saka. Da aka zo wa za a rubuta mai gida, uwargidan ta ce, "Alhaji mana." Madam ta ce ba ya nan. Ta ce, "To sai ki rubuta ni, amma ki rubuta ƙanana, kada ya gani."

Daga nan gidan mahauta, maza bakwai, tukunya ɗaya, kowa matarsa tana Ƙonni ko Tawa. Girki bi da bi suke yi. Babbansu ya ce, "Ranar Hasan ce yau, Madam, in kina son ranki kada ki ɗanɗana." Hasan ya ce, "Jiya da ka yi wa ya ci? Kare ma shinshinawa ya yi."

Tukunya tara yau. Mai miji da mata da 'ya'ya a wuri ɗaya, biyu.

Na fara ajiye nawa lissafin a bayan littafin nan. Ban san me ya sa ba. Na sani.

Laraba, 21 ga Maris, bayan la'asar

Wata tsohuwa da jikoki shida, iyayensu suna Legas. 'Yan'uwa mata biyu da suka rasa mazansu a mota ɗaya. Wani tela da matarsa 'yar ƙabilar Gun, ita tana kwana gidan uwarta a bakin ruwa, tana kawo masa abinci a kwano kullum da rana, shekara goma sha ɗaya ke nan, 'ya'ya huɗu. Madam ta tsaya da bik ɗin rubutunta a baki tana tunanin tukunyar wa za a ba shi. Wata mata da ta riƙe 'yar mai hayarta tun uwar ta ce za ta je kasuwa ta dawo, yarinyar yanzu ta isa aure.

Ashe haka Zango take. Shekara uku ina cikinta, ina gaishe su a suna da biki, kowa da mayafinta mai kyau, kowa tana cewa maigida yana gaisuwa.

Ƙafafuna sun kumbura. Inna ta dafa mini ruwa da gishiri. Ta ce, "Kin ga abin mamaki? Ni da nake sayar musu da koko na san wa ke sayen na mutum ɗaya ya ce na mutum biyar ne."

Alhamis, 22 ga Maris, da azahar

Yau na ji dokar. A gidan wata matar direba, Madam ta tambayi yaushe mijin ya tafi. Ta ce wata huɗu. Madam ta ce to har yanzu shi ne mai gida, za a rubuta shi a layin farko, a sa ba ya nan, a kuma rubuta inda yake. In ya kai wata shida, ba a rubuta shi sam, ba a tambayar komai. Ya fita daga tukunyar.

Na fassara wa matar. Da muka fito na ƙirga da yatsu a cikin mayafi. Biyu ga Oktoba. Wata shida sai biyu ga Afrilu.

Na tambayi Madam yaushe za a gama. Ta ce ranar Juma'a talatin ga wata za ta miƙa takardu, ko da wuta ake yi.

Juma'a, 23 ga Maris, da hantsi

Kwana ɗari da saba'in da biyu. Jirgi ya shigo. Ban iya karatu ba, haruffan sai yawo suke.

Lahadi, 25 ga Maris, bayan azahar

Lawali ya tare ni a bakin famfo. Bai ce kamarad ba. Ya sa kai ƙasa kamar yana wanke ƙafa ya ce, "Amarya, ki ji ni, ba zan maimaita ba. Takardun nan ta hannuna za su bi, amma ba a hannuna za su tsaya ba. Akwai gida biyu a unguwar Kajehun da aka rubuta mai gidan yana inda naki yake. Yanzu ɗaya ofis ne, ɗaya da kwaɗo a ƙofa. Ban ce dokar ce ba. Na ce na gani."

Na ce, "To in rubuta yana Paraku."

"Su da ke riƙe da shi za ki gaya wa yana Paraku? Layin farko kada sunansa ya hau, shi ke nan. Ni ban gan ki yau ba."

Ya tafi yana yarfe hannu. Bokitin ya cika yana zuba, wata yarinya ce ta kashe mini famfon.

Litinin, 26 ga Maris, bayan magariba

Yaya Maharazu ya iso da jirgin yau. Ina dawowa da takardu a hannu na tarar da shi a zaure shi da Baba Baƙo. Tafiyarsu ɗaya da mijina, hatta yadda yake riƙe kofin shayi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi lafiyata, ya ba ni kilishi da man shanu daga Hajiya. Ya rame. Ashe ya yi mako biyu a Paraku yana bin ƙofofi, ya kai wa wannan rago, ya kai wa wancan, ba wanda ya ce masa ga inda yake. Wani dai ya ce an kai su can arewa. Wani ya ce ba a kai ba.

Sai ya kalli takardun. "Wannan fa?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Su ɗauke miki miji, ke kuma ki riƙe musu jaka."

Asabar za mu tafi, in ji shi. Ya riga ya yi maganar wurin zama a jirgi.

Talata, 27 ga Maris, bayan la'asar

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na kai masa abinci, maimakon in tashi sai na zauna daga bakin ƙofa na buɗe bayan littafin nan.

Na ce, "Yaya, ka ce ana magana don ina zaune a gidan da ba gida ba. Na shiga tukunya hamsin da takwas a layin nan da na bayansa. Masu miji da mata da 'ya'ya a rufi ɗaya goma sha huɗu ne. Goma sha tara mata ne ke riƙe da su. Goma sha ɗaya maza ne zalla. Sauran ban ma san sunan da zan ba su ba. Liman kansa daga tukunyar ƙanwarsa yake ci, iyalinsa suna Gaya. In namu ba gida ba ne, to Zango ba gidaje."

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan na ba shi. Ya wanke hannu. Ya ce, "Lantana, kin iya lissafi. Amma Zango ai zango ce, wurin sauka. Mutanen nan kowa yana da gidansa na gaskiya a wani wuri, nan kasuwa ta ajiye su. Ke ma kina da naki, yana Kandi. In mutum arba'in da huɗu suna zazzaɓi, goma sha huɗu suna lafiya, sai ki ce zazzaɓin ne lafiya?"

Na ce, "Inna Mamata ina nata gidan na gaskiyar?"

"Ita ta san inda ta fito."

Inna tana jin mu daga murhu. Ta ce, "Na sani, ɗana. Na je shekara tara da ta wuce. Gero aka shuka a wurin."

Sai na gaya masa maganar da aka yi mini a famfo, ban faɗi suna ba. Na ɗauka wannan zai taɓa shi. Ya ce, "Su ɗauka. Bulo ne da kwano. Amma ƙanina yana da rai, kuma muddin ina zaune ba za a goge sunansa daga gidan ubansa kamar wanda aka binne ba. Hajiya kullum sai ta zuba masa nasa tuwon. Ke kike son ki fara cire shi?"

Shi sunan yake so ya tsare, ni ƙofar. Ban san wanda Abdulwahid zai zaɓa ba. Na yi ta ƙoƙarin jin muryarsa, sai ta Yaya nake ji.

Laraba, 28 ga Maris, da azahar

Na roƙi Madam Sidoni ta bar gidanmu har Litinin. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta cire tabarau. Ta ce tun ranar farko ta sani, Lawali ya gaya mata, shi ya sa ta bar mu ƙarshe. Ta ce Juma'a da safe za a karɓi takardu, gidan da ba a cika ba wasu za a turo su cika, kuma ba mata ba ne.

Ta ce, "Ni abin da aka gaya mini nake rubutawa, ƙanwata. Ba na bincike. Amma in mutum biyu suka faɗi abu biyu a gabana, sai ɗaya ya rinjaya."

Na tambaye ta ita tukunyarta fa. Ta ce ita da uwarta da 'ya'yan yayanta uku. Ta mayar da tabarau ta ce in yi sauri.

Alhamis, 29 ga Maris, da asuba

Kwana ɗari da saba'in da takwas. Saura huɗu.

Alhamis, bayan la'asar

An rubuta gidanmu.

Juma'a, 30 ga Maris, da hantsi

Hadari ya haɗu tun safe bai zubo ba. Maza sun tafi masallaci da wuri. Bari in rubuta, in ban rubuta ba zai yi ta maimaita kansa a kaina.

A zaure aka yi. Yaya ya sa babbar riga. Lawali ya zo da wani saurayi mai kaki daga kwamitin juyin juya hali, wai ganin yadda aka kammala. Maƙwabta biyu suna bakin ƙofa, sun zo gaishe da Yaya. Ni ce mai fassara a gidana.

Tukunya nawa? Ɗaya. Wa ke ci? Na lissafa. Wane ne mai gida?

Yaya ya ce, "Abdulwahid ɗan Alhaji Yaƙubu." Na fassara. Madam ta ce yana nan? Ba ya nan. Tun yaushe?

Na ce da Faransanci, "Wata bakwai."

Na manta Yaya falke ne, yana jin ƙirga a kowane harshe. Yaya ya ce, "Bakwai? Biyu ga Oktoba ne, ranar Litinin. Bai cika shida ba. Gaya mata."

Saurayin mai kaki ya ɗago kai. Madam ta ajiye bik a kan layin farko ta ce, to in haka ne za ta rubuta shi, sai a faɗa mata inda yake. Lawali yana kallon rufin zaure. Na dubi Baba Baƙo, ko za a ce shi ne namijin gidan. Ya gane. Ya ce, "'Yata, ni a zaure nake. Ban taɓa wuce nan ba sai da sallama."

Sai na ji bakina yana magana. Da Hausa na fara, don Yaya ya ji, sannan na juya wa Madam.

Na ce ranar da Yaya ya sani daban, ranar da ya bar gidan nan daban. Na ce tun farkon Satumba ya daina kwana nan, ya daina ci daga tukunyar nan. Na ce yana da wata a can wajen Akpakpa, a can yake. Ranar Litinin ɗin kekensa kawai ya zo ɗauka. Na ce ya bar ni tun kafin nan, kunya ce ta hana ni faɗa.

Shi da bai taɓa kai isha'i a waje ba. Shi da yake karanta mini labaraina da muryar mata don in yi dariya.

Yaya ya ce, "Inna Mamata, ki ji tsoron Allah. Haka ne?"

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Ni dai kwano uku nake zubawa tun kafin ƙarshen damina."

Baba Baƙo kuwa hawaye kawai ke bin gemunsa, kowa ya fassara yadda ya so.

Madam ta rubuta. Layin farko, Lantana, mai gida. Na biyu, Mamata, ba dangantaka. Na uku, Baƙo, ba dangantaka. Maharazu, baƙo mai wucewa. Saurayin ya leƙa takardar ya ce da Faransanci, ga macen juyin juya hali. Ya yi mini murmushi.

Da suka fita Yaya ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Kin faɗa a gaban shaidu. In gaskiya ne, ya zalunce ki, ba ni da bakin tilasta miki. In ƙarya ne, ba zan kai wa Hajiya matar da ta yi wa ɗanta wannan ba. Ko ta ina, ki zauna."

Na zauna.

Asabar, 31 ga Maris, da safe

Ya tafi. Ya nemi akwatin kayan ƙaninsa, na ba shi. Na so in ɓoye riga ɗaya, sai na ga ba ni da fuskar da zan yi hakan.

A bakin ƙofa na durƙusa na ce, "Yaya, in Allah Ya sa ka gan shi kafin ni, ka bari ni in gaya masa."

Ya ce, "Me za ki gaya masa? Wanda kika gaya mini, ko wanda kika gaya musu?"

Ya sallami Baba Baƙo hannu biyu, ya sa masa wani abu a aljihu. Inna ya ce mata sai wata rana. Ni bai ce ba.

Na ji tashin jirgin. An yi ruwa bayan nan, na farko a bana, ɗakin Inna yana yoyo. Ni ce mai gida, ni zan nemo mai gyara.

Lahadi, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

An daina ce mini ya haƙuri. Yanzu "Allah Ya isar miki" ake cewa. A famfo wata ta ce ita dama ta taɓa ganinsa a gadar Akpakpa da yamma. Wata ta ce matar fara ce, 'yar Togo. Har sun san tana da ciki.

Uwargidan Alhaji mai goro ta aiko mini da tuwo. Bayanta wata tsohuwa ta zo, ta zauna ta sha ruwa, ta yi ta zagaye, daga ƙarshe ta ce babban mahautan nan mutumin kirki ne, kuma liman yana raba auren macen da aka bari in akwai shaidu. Ta ce nawa shaidun ai ba su da iyaka.

Inna ta raka ta har waje da muciya a hannu. Da ta dawo ba mu kalli juna ba. Tun ranar Alhamis ba mu kalli juna ba. Ta ƙara raka'o'i bayan kowace salla.

Na kwashe littattafaina na sa a ƙarƙashin gado.

Litinin, 2 ga Afrilu, da hantsi

Ba kwaɗo a ƙofa. Baba Baƙo yana zaure, Inna tana suya. Jirgi ya shigo.

Yau wata shida cif. Da yau suka zo, da gaskiya kawai zan faɗa.